Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Marvel Da DC: Kafin Ku Sake Ɗaukar Awon Jarumai Mata

Zuwa ga shugabanni da editocin Marvel Comics da DC Comics, da masu faɗa a ji a Marvel Studios da DC Studios, ƙasar Amurka.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Muna rubuto muku ne a madadin mutanen da sana'a ta haɗa su da aikinku ko da ba ku san da zamansu ba: teloli masu ɗinka kayan fim da na wasan kwaikwayo, masu zanen littattafan labari, masu koyar da faɗa da tsalle-tsalle, da kuma iyayen da fina-finanku ke shigo musu gida ta waya, wani lokacin ma da fassarar Hausa. Mun ji sanarwar cewa ana rubuta sabon fim na Wonder Woman, kuma ana shirin sake ɗaura X-Men daga tushe da sababbin fuskoki. Ke nan ba da jimawa ba wani zai ɗauko tef ya auna wata 'yar wasa, wani kuma ya zauna ya zana abin da za ta sa. Tun ran gini ran zane, shi ya sa muka ga gara mu yi magana yanzu.

Ƙorafinmu guda ne, sauran duk rassansa ne. Idan za a tsara kayan jarumi namiji, ana fara tambayar aikin da zai yi. Idan an zo kan mace, sai a fara da abin da mai kallo zai gani. Kun yi gyara a wurare da dama, za mu kuma ambace su, amma gyaran ya rataya ne a kan wanda aka ba aiki a ranar. A watan Yunin 2017 an ga mayaƙan Amazon, matan tsibirin da jarumar ta fito, a fim ɗin Wonder Woman cikin kayan da Lindy Hemming ta tsara, yawancinsu ciki da ƙirji a rufe da ƙarfe da fata. Wata biyar bayan nan, a Justice League, da yawa daga cikin mayaƙan nan sun fito cibiya a waje. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya, tsibiri ɗaya.

Mu fara da takarda, domin daga can komai ke tasowa. Ƙashin bayan ɗan Adam yana da gaɓoɓi 12 a sashen ƙirji da 5 a sashen ƙugu. Na ƙugun aikinsu sunkuyo da miƙewa ne, juyawarsu gefe ba ta wuce 'yan digiri kaɗan. Idan mutum ya kafe ƙugunsa ya murɗa kafaɗa iya ƙarfinsa, abin da zai samu digiri 45 ne ko kusa da haka. Tsayuwar da ta zama ruwan dare a bangon littattafanku, wadda mai karatu zai ga mazaunai biyu da ƙirji gaba ɗaya a lokaci guda, tana buƙatar fiye da ninki biyu na wannan. Mace mai rai da ta gwada ta sai an kai ta wurin mai ɗori. Bangon Catwoman mai lamba 0 na 2012 ya kai matsayin da sai da aka sake zana shi kafin ya shiga kasuwa. A 2014 kuma Marvel ta ba Milo Manara zanen wani bango na Spider-Woman, ta fito tana rarrafe a gefen bene, mazaunai sun fi kai tsawo, kaya kamar fenti aka shafa mata. An yi ta jifan mai zanen, amma Manara ya shafe shekaru da dama yana zanen sha'awa na manya, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Laifin na editan da ya kira shi ne, don littafin da aka ce ana so mata su saya.

Akwai gwaji mai sauƙi da masu karatunku suka ƙirƙiro a ƙarshen 2012, suka raɗa masa sunan Hawkeye: a cire macen da ke zanen, a sa wannan maharbin namiji a tsayuwa iri ɗaya da kaya iri ɗaya. In abin ya zama abin dariya, tsayuwar ba ta faɗa ba ce. Gwajin ba ya cin ko minti goma.

Ƙarin gishiri a zane ba shi ne damuwarmu ba. Mutum gama-gari tsayinsa kai bakwai da rabi ne in aka auna da kansa. Littafin koyar da zane da Stan Lee da John Buscema suka fitar a 1978 ya ce a kai jarumi kai takwas da kashi uku cikin huɗu, mun kuma yarda, ado ne na sana'a. Inda abin ke ɓaci shi ne ƙugun da bai kai faɗin kai ba, wanda babu inda haƙarƙari 24 da hanta da hanji za su zauna, sa'an nan a ce jikin nan ɗaya ne za a raba wa kowace mace. A cikin maza akwai Hulk ƙato, akwai Spider-Man siriri, akwai Wolverine gajere mai gashi, akwai Kingpin mai teɓa. Mata kuwa in aka aske musu kai aka cire launin kaya, ko editan ba zai bambanta su ba. Amanda Waller, da ta fito a 1986 a matsayin mace mai ƙiba, mai shekaru, wadda ke tsawata wa Batman ido da ido, na cikin 'yan ƙalilan da suka fita daban. Da DC ta sabunta littattafanta a 2011 sai aka mayar da ita siririya matashiya. Duk wanda ya kalli gasar Olamfik ya san mai jifan dalma da mai gudun fanfalaki da mai ninƙaya ba jiki ɗaya gare su ba, kowacce wasanta ne ya gina ta.

Yanzu ga maganar teloli. Yadi mai miƙewa, irin wanda ake yi wa 'yan wasan tsalle, idan ya hau ƙirjin mace gadar sama yake yi: ya tashi daga tudu ɗaya zuwa ɗayan a miƙe, ya ɗan danne su. Ba ya shiga tsakani, ba ya zagaye kowanne shi kaɗai kamar an sa masa safa. Ba ya nuna ramin cibiya. Abin da masu zanenku da yawa ke yi shi ne zana mace tsirara, mai launi ya zo ya shafa ja ko baƙi, a ja layi a wuya da wuyan hannu a ce kaya ne. Idan aka kawo wa tela wannan zanen aka ce ya fitar da shi a zahiri, dole ya ɗinka kofi biyu daban, ya sa waya a ƙarƙashi, ya manna tsakiyar a jikin fata da gam. Daga nan matsalolin 'yar wasa ke farawa.

Rigar da ba ta da hannu ko madaurin kafaɗa, irin wadda aka san Wonder Woman da ita, ba ƙirji ne ke riƙe ta ba, ƙugu ne. Ana jera siraran ƙarafa a cikin shafinta daga ƙasan hammata zuwa kwankwaso, a matse tsakiya har rigar ta zauna a kan ƙashin ƙugu. Matsewar da ke hana ta zamewa ita ce ke hana haƙarƙarin ƙasa buɗewa, mai faɗa kuwa da su take jan numfashi. In aka sassauta, da zarar ta ɗaga hannu biyu sama da takobi, jiki ya tashi riga ta tsaya, sai a koma ga salatif mai manne fuska biyu, wanda gumi ke sakewa. Madauri biyu masu faɗin yatsu uku sun isa su kashe wannan wahalar duka. Haka kamfai mai yanka sama da ƙashin ƙugu: duk shuri ɗaya sai ya shige, shi ya sa 'yan wasan tsalle ke manna nasu da gam. A 2021 'yan matan tawagar Jamus suka ga abin ya ishe su, suka fito gasar Turai da ta Olamfik ta Tokiyo da kaya har idon sawu, ba wanda ya ce tsallensu ya ragu. Ku da kanku kun san wannan. A farkon labarin Kamala Khan na 2014, yarinyar ta rikiɗa ta sami kanta cikin tsofaffin kayan Carol Danvers, wato Captain Marvel, jarumar da take sha'awa, nan take ta fara ƙorafin takalmin yana matse ta, kamfan yana shigewa.

Sulke kuma abin kunya ne a ce sai mun yi bayani. Amfanin farantin ƙirji shi ne ya kautar da sara. Shi ya sa maƙeran da suka yi wa mayaƙa na gaske suke fito da tsakiyarsa waje kamar ƙirjin kaza, kaifi ya sauka ya zame gefe. Farantin da aka yi masa kofi biyu da kwari a tsakiya akasin haka yake yi: ya tattaro bakin mashi ya kai shi daidai ƙashin ƙirji, bayansa kuwa zuciya ce. Ko faɗuwa mai shi ta yi rub da ciki, gindin kwarin nan ne zai daki ƙashin kamar gizago. Kuma ƙarfe ba ya hawa fata tsirara. Wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga 'yan lifida da 'yan sulke: riga a ƙasa, lifidi mai kauri cike da auduga, kwalkwali a ka. Da zarar an sa wannan shimfiɗar a ƙarƙashin ƙarfe, ƙirjin mace da na namiji kusan siffa ɗaya suke ɗauka, bambancin awo ne kawai. Sai ga shi wuraren da kuke barin su a buɗe su ne waɗanda kowane mayaƙi ke fara rufewa: ƙasan wuya, ciki, da cikin cinya inda babbar jijiyar jini ke bi, wadda in ta yanke mutum ba ya wuce 'yan mintuna. Power Girl ta fito a 1976 da taga a tsakiyar ƙirji. Sai a 2005 aka nemo mata dalili, wai ta bar wurin ne don ba ta sami tambarin da za ta sa ba. Wanda bai sami tambari ba ai farin yadi yake bari.

Takalmi mai tsini ba ya buƙatar dogon zance. Yana tura nauyi kan yatsu, yana miƙar da idon sawu zuwa yanayin da ya fi saurin gurɗewa, ya gajarta taku, tsininsa kuma ya nutse a ƙasa mai laushi ko ya maƙale a raga. Halle Berry a matsayin Catwoman ta hau rufin gidaje da shi a 2004, yatsu ma a waje. Anne Hathaway, ita ma a matsayin Catwoman, ta hau babur da shi a 2012, aka ce wai tsinin wuƙa ce. Hatta Gal Gadot, mai fitowa a matsayin Wonder Woman, an ɗaga mata dunduniya. Kowa a wurin ɗaukar fim ya san ana ajiye takalmi na biyu marar tudu don wuraren gudu, a riƙa yanke hoton daga gwiwa. In ba za a iya yin aikin da shi ba, me ya kawo shi jikin jaruma?

Wannan ya kai mu ga mutanen da abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, waɗanda ba a ganin fuskarsu: matan da ke maye gurbin jaruma a wuraren kasada. Namijin da za a wurga daga bene ko mota ta buge shi yana sa kariya a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, ƙugu, ƙashin wutsiya da gadon baya, duk a ɓoye a ƙarƙashin wando da jaket. In za a ja shi da igiya, ɗamarar da ke raba nauyi a ƙirji da cinyoyi ita ma a ƙarƙashin kaya take. Abokiyar aikinsa da aka ba ɗan kamfai da rigar mama ba ta da inda za ta ɓoye komai. Iyakarta siririn abu mai kama da fata da ake mannawa, wanda ke rage ƙujewa amma ba ya hana ƙashi jin kankare. Ɗamararta kuma a rage mata faɗi don kada ta leƙo, nauyin da ya kamata ya bazu sai ya taru wuri ɗaya ya bar shati. Faɗuwa iri ɗaya, sau biyar ko goma har darakta ya gamsu, ɗaya da katifa ɗaya da fata. Abin ya daɗe. Jeannie Epper ta yi wa Lynda Carter, Wonder Woman ta talabijin, kasada a shekarun 1970 cikin wannan rigar marar hannu, Kitty O'Neil kuma a 1979 ta diro daga tsayin ƙafa 127 a cikinta. A watan Agustan 2017 Joi Harris ta rasu a Bankuba ta ƙasar Kanada tana tuƙa babur a madadin mai fitowa a matsayin Domino a Deadpool 2, ba hular kwano a kanta domin jarumar ba ta sa a labarin. Hukumar kare ma'aikata ta lardin ta ci kamfanin da ya shirya fim ɗin tarar kusan dalar Kanada 290,000. Wannan ba maganar tsiraici ba ce, mun sani, amma tunanin ɗaya ne: yadda za a ga jaruma ya sha gaban jikin matar da ke cikin kayan.

Su kansu taurarin ba su tsira ba, kuma da bakinsu suka faɗa. Robar da ake kayan ƙyalli da ita yawanci kaurinta bai kai rabin milimita ba, ba a ɗinka ta sai dai a manna, iska ba ta ratsa ta, gumi taruwa yake a ciki. Michelle Pfeiffer ta ba da labarin yadda a Batman Returns na 1992 ake barbaɗa mata hoda, a cusa ta ciki, a tsotse iskar, sa'an nan a shafa wa kayan man ƙyalli. Olivia Munn ta ce sai an shafe ta da mai kafin ta shiga kayan Psylocke a fim ɗin 2016, kuma ya yage mata a hantsa. Mystique a littafi farar riga take sawa. A fim ɗin 2000 aka tuɓe ta, Rebecca Romijn ta riƙa kwashe awa takwas ko fiye ana manna mata ɓawo ana fesa mata shuɗi. Jennifer Lawrence da ta gaje ta sai da fentin ya ɓata mata fata, aka koma yi mata riga mai kama da jiki a fim na gaba, abin da ya nuna tun farko akwai hanya. Margot Robbie ta ce ba ta ji daɗin guntun wandon Harley Quinn na 2016 ba. Elizabeth Olsen, mai fitowa a matsayin Scarlet Witch a Avengers, ta ce da za a tambaye ta, da an ɗaga wuyan rigarta, domin ta duba ta ga kusan ita kaɗai ce ƙirji a buɗe. Scarlett Johansson a 2021 ta ce a Iron Man 2 an yi maganar Black Widow kamar wani kaya da ake mallaka. Waɗannan mata ne masu suna da lauyoyi. Sabuwar 'yar wasa da ke fim ɗinta na farko shiru za ta yi.

Kamara ma tana tuɓe mutum ko yana cikin bargo. A ajiye ta ƙasa a bayan jaruma, maza suna magana can nesa, mazaunanta sun cika gaban hoto. A fosta maza su fuskanci gaba da makamai, ita ta juya baya tana waiwaye. A fara nuna ta daga ƙafa a hau a hankali, fuska ce ƙarshe. Littafin Catwoman na farko a 2011 ya shafe shafin buɗewa yana nuna rigar mama da sassan jiki kafin a ga fuskarta. Raha guda, ta namiji ya faɗo fuskarsa a ƙirjin jaruma, an yi ta a Avengers na 2015, aka maimaita ta a Justice League na 2017. Da aka sake fitar da Justice League ɗin a 2021 babu wurin, labari bai rasa komai ba.

Akwai inda ba ma neman a yi muhawara. Riri Williams shekarunta 15 a labari. A 2016 aka zana ta a wani bango na musamman da 'yar riga iya ƙirji da wando a ƙasan ƙugu, da jikin babbar mace, sai da mutane suka yi ca aka janye. A 2014 marubuciya Janelle Asselin ta soki yadda aka zana ƙirjin Wonder Girl, yarinya matashiya, a bangon Teen Titans, sakamakon da ta samu shi ne barazanar fyaɗe daga wasu masu karatu. Supergirl kuwa sai da wani edita ya gaji ya ce kada ya ƙara ganin kamfanta, mai zane Jamal Igle ya sa mata gajeren wando a ƙarƙashin siket. Yarinya mai tashi sama da siket, a ce sai an yi shekaru kafin wani ya tuna.

Kada ku ɗauka, don wasiƙar ta fito daga Hausawa, cewa muna so ku lulluɓe kowa. Yawan yadi ba shi ne magani ba, kuma hujjar tana cikin littattafanku. Sooraya Qadir, 'yar Afganistan da ta shiga X-Men a 2002, abaya take sawa da niƙabi, ido kawai ake gani. Duk da haka masu zane da yawa sun manna mata abayar a jiki, ƙirji da ƙugu da cinya duk a fili, alhali abaya daga kafaɗa take zubowa, ba ta san inda ƙugu yake ba. Idon mai zanen ne bai sauya ba. Ba kuma muna kiran a dawo da dokar tace littattafai da kamfanonin buga su suka kafa wa kansu a 1954 ba ne, wadda ta ce a zana mata yadda suke ba tare da ƙarin gishiri ba, amma ta haɗa da shaƙe labarai masu yawa har kuka yar da ita, Marvel a 2001, DC a 2011. Emma Frost da ke amfani da kyanta a matsayin makami, labarinta ne ya kawo haka, a bar ta. Littafin kayan wanka da kuke fitarwa lokaci-lokaci, maza da mata a bakin ruwa, aƙalla ya faɗi sunansa. Kayan wanka a fagen yaƙi ne ba mu gane ba.

Mun san amsoshin da ake bayarwa. Za a ce ai harsashi ba ya ratsa ta, me za ta yi da sutura? Superman ma ba ya ratsa shi, kuma daga wuya har tafin ƙafa a rufe yake. Za a ce maza ma ana tuɓe su. Gaskiya ne, Hugh Jackman, mai fitowa a matsayin Wolverine, ya faɗi yadda yake ƙaurace wa ruwa fiye da yini guda kafin a ɗauke shi ba riga don jijiyoyi su fito, wannan ma cuta ce, ku daina. Amma shi minti ɗaya ne a fim, sa'an nan ya mayar da rigarsa ya tafi faɗa. Ita a haka za ta yi faɗan. Za a ce shi ke sayarwa. Catwoman na 2004 an kashe kusan dala miliyan 100, bai dawo da su ba. Captain Marvel na 2019, mace a rufe daga wuya zuwa ƙafa da takalmi shimfiɗaɗɗe, ya haura dala biliyan 1. Don kada mu yi son kai, The Marvels na 2023 kayansa ba laifi kuma ya faɗi warwas. Kaya ba sa ceton labari marar daɗi, tsiraici ma haka.

Hanyar ma ai kun riga kun san ta. Jamie McKelvie ya ba Carol Danvers kayan matuƙin jirgi a 2012, domin aikinta ke nan. Batgirl ta 2014 ta sami jaket na fata, takalmin ɗauri, da mayafin baya mai maɓalli da ke cirewa in abokin gaba ya cafke shi. Kris Anka ya sake wa Spider-Woman kaya 'yan watanni bayan abin kunyar Manara. Ruth Carter ta rufe dakarun Dora Milaje, mata masu gadin sarki, a Black Panther da jan yadi irin na Masai, zobban wuya irin na Ndebele, ɗamarar fata da takalmi marar tudu, suka fi kowa kwarjini a fim ɗin, ta kuma karɓi kyautar Oska a 2019. A Birds of Prey na 2020 ana tsakiyar faɗa Harley ta miƙa wa abokiyarta abin ɗaure gashi, duk macen da ta taɓa gudu da gashi a sake ta gane wurin.

Ga abin da muke roƙo, kuma muna so ya zama a rubuce, ya hau kan kowa, ba sai an yi sa'ar darakta ba.

Kada a amince da kowane kaya sai an ɗinka na gwaji, mai kasadar da za ta sa shi ta yi abu biyar a ciki: gudu, tsuguno har ƙasa, ɗaga hannu biyu sama, shuri sama da ƙugu, da alkafura. In sai da gam ko salatif ya tsaya, a mayar wa mai zane. A kira shugaban masu kasada da ita matar tun awon farko, kafin a yanka yadi. A bar sarari na santimita 1 zuwa 2 a gwiwoyi, ƙugu, ƙashin wutsiya da gadon baya don kariya, a buɗe ƙofofin igiya a ƙugu da baya. In labari ya ce sai fata ta fito, a yi yadi mai launin fata a ɓoye kariyar a ciki; in ya ce ba hular kwano, a sa hular a goge ta da kwamfuta, tunda kuna goge igiya da gashin baki. Takalmin faɗa kada dunduniyarsa ta wuce santimita 3. In tsawo ake nema, akwai akwatin takawa.

A nuna wa 'yar wasa zanen kayan kafin ta sa hannu a kwantiragi, a rubuta mata haƙƙin cewa a ɗaga wuya ko a ƙara tsawo ba tare da an kira ta mai taurin kai ba. A sa zif inda za ta iya cire kayan da kanta ta kama ruwa ba sai mutum biyu sun raka ta ba, a kuma ƙayyade awannin da za ta yi cikin roba.

A ɓangaren littattafai, kowace jaruma a yi mata takardar siffa mai tsawo da nauyi da ginin jiki, a tilasta wa duk mai zane ya bi, kamar yadda ba a barin kowa ya sauya tambarin Batman. Edita ya yi gwajin Hawkeye a kan kowane bango, har da bangunan musamman da ake yi wa shaguna, domin ta nan ɓarnar ta fi shigowa. Duk wadda ba ta kai shekara 18 a labari ba, a zana ta yarinya, da jikin yarinya da kayan yarinya, mai zanen da ya ƙi a karɓe aikin.

Sai Storm ta X-Men, tunda za ku dawo da ita kuma 'yar nahiyarmu ce. A fitowarta ta farko a 1975 an nuna ta a Kenya ana bauta mata, ba riga, gashinta ne ya rufe ƙirji, kamar yadda aka saba zana 'yar Afirka a wancan zamani. Wannan karon ku ba wanda ya san tufafin Gabashin Afirka aikin, ku ba shi lokaci da kuɗin bincike irin wanda aka ba Ruth Carter, kuma ku sa a aunata tare da matar da za a rataya a igiya a madadinta.

Mun gode da sauraro. Allah Ya ba da sa'a.

Naku,
Wasu teloli, masu zane da masu koyar da wasannin motsa jiki, a madadin abokan sana'a da iyaye masu kallo.